Uwar Amarya Ta Riƙe Cikon Kuɗina

Mai Hoto na Agege: Salamu alaikum 'yan uwa, yau raina a ɓace yake. Biki na ɗauka ranar Asabar, kwana uku ina gaban kwamfuta ina wanke hotunan nan, rabi ma da janareto. Fitilun wurin ja ne da shuɗi, duk fuskar da suka haska kamar an watsa mata zoɓo. Da yake RAW na ɗauka, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, na daidaita launin a manhajar Lightroom, na dawo wa amarya da fatarta, baƙa mai sheƙi. Uwar amarya ta duba ta ce, "Ina hasken?" Ta riƙe cikon kuɗina. Mutanenmu ba hoto suke so ba, bilicin suke so.

Baba na Obalende: Wa'alaikumus salam. Yaro, me ka wanke? A ɗakin duhu ake wankin hoto. Ka tsoma takarda cikin ruwan magani, ka ga fuska tana fitowa sannu a hankali, ka shanya a igiya. Kai linzamin kwamfuta kake ja. Ka ce gyara.

Mai Hoto na Agege: Baba, Allah ya ja kwana, maganar kuɗina nake yi.

Ɗan Idi-Araba: Baba ya yi gaskiya. Yau ma idan aka ce a wanko hoto, a fitar da shi a takarda ake nufi. Amma 'yan Agege komai wanki ne a wurinsu.

Hajiya Mai Kwalliya: Ni kalmar ce ma ba ta yi mini ba. A wanke amarya? Datti ne da ita? Daga irin wannan maganar ake koya wa yara cewa baƙar fata abin gogewa ce.

Mai Hoto na Agege: Haba Hajiya! Ni ne fa na ƙi mayar da ita fara!

Malamin Photoshop: Baba, da girmanka, ku ma kun yi. Ƙara wa wani sashe haske da duhunta wani, ai a ɗakin duhu aka fara, da tafin hannu da ɗan kwali ake tare haske. Da Photoshop ya fito a 1990, har sunayen ya ɗauko daga wurinku. Kuma RAW tamkar fim ne da ba a wanke ba. JPEG, wato hoton da aka gama sarrafawa, mataki 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW na bit 14 ya haura 16,000. Dole a sarrafa shi kafin ya zama hoto. In wannan ba wanki ba ne, mene ne?

Baba na Obalende: Lissafi ba ya ɗaukar hoto. Je ka dubi hotunan kitso na marigayi Ojeikere, a nan Legas ya yi aikinsa, baƙi da fari, kowane silin gashi a fili. Ku kuwa kuna goge fata har ta koma robar 'yar tsana.

Malamin Photoshop: Wannan aikin 'yan manhajar waya ne. Mai sana'a raba hoton yake yi gida biyu, launi daban, zanen fata daban. Ya cire ƙurji, ya bar ƙofofin gashi.

Ɗan Idi-Araba: Kamfanin dillancin labarai na Reuters ma a 2015 ya ce masu aiko masa hoto su aiko JPEG daga kyamara. Ka fi su sani ne?

Malamin Photoshop: Hoton labarai ke nan. Amarya labari ce?

Hajiya Mai Kwalliya: Ku dai ku daina goge mana hoda. Awa biyu ina tsaye kan fuska, mutum ya shafe da yatsa ɗaya.

Ɗan Idi-Araba: Af, tun da ana maganar riƙe haƙƙi, Oga Agege, ina filashin kyamarata da ka ara tun kafin azumi?

Mai Hoto na Agege: Yana wurin gyara a Computer Village, na gaya maka.

Ɗan Idi-Araba: Gyara ko wanki?

Malamin Photoshop: To jama'a, a matsayina na admin bari in taƙaita. An yarda aikin kwamfuta shi ne wankin hoto na zamani, Baba ma bai kawo hujjar da ta rushe lissafina ba. Maganar Reuters ba ta shafe mu ba. Ƙorafin Hajiya kuma a kan waɗanda ba su koyi aikin a hannun malami ba ne, ajina na nan ranar Lahadi bayan la'asar. Batun filashi ku je gefe. Na rufe.

Mai Hoto na Agege: Cikon kuɗin nawa fa?