Wai do re mi satar Turawa ce?

Ɗan Birni:
Salam jama'a. Yau raina a ɓace yake, sai na amayar ko zan ji sanyi. Malaminmu na kwas ɗin kiɗa ya ba mu tes, tambayar farko wai waye ya ƙirƙiro do re mi, ni kuma na rubuta mishi gaskiya cewa Larabawa ne, daga haruffan dal, ra, mim, fa, sad, lam. Kawai mutumin nan ya zuba min jan biro ya rubuta Guido na Arezzo a gefe, ko hujjata bai nema ba. Wai har yaushe za a yi ta koya mana komai Bature ne ya fara? Ku furta da bakinku ku ji, dal ra mim fa sad lam, do re mi fa so la, ko ƙaramin yaro ya ji yasan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Sata Turawa suka yi, sata ƙiri-ƙiri, suka liƙa wa wani fada ɗan Italiya.

Maman Amira:
Subhanallah sata kuma? Ƙanena kalmar nan ta yi nauyi, kace dai aro.

Ɗan Birni:
Aunty wanda ya yi aro yana mayarwa, ko ya yi godiya. Su sun mayar?

Baffan Yara:
Yaron nan ya faɗi gaskiya. Sun kwashe lissafi sun kwashe likitanci sun kwashe ilimin taurari, kiɗa ne zai gagare su? Sata sunanta sata.

Mai Gurmi:
Baffa da girmanka, in duk abin da aka ɗauko daga wasu sata ne to algaitar da ake busa wa sarakunanmu fa? Daga Arewacin Afirka ta zo mana, har sunan bamu canza ba. Kenan mu ma ɓarayi ne?

Baffan Yara:
Kar ka sake ka haɗa sarakuna da ɓarayi a magana ɗaya. Algaita ta hanyar fatauci ta shigo, da yardar masu ita.

Mai Gurmi:
Nima ai abin da nake faɗa kenan, fatauci da cuɗanya. Me yasa in mu ne fatauci, in su ne sata?

Malamin Kwaya:
Barkanku 'yan'uwa. Na daɗe ina koyar da kwaya a coci a kudancin Kaduna, da do re mi ɗin nan muke koya wa yara murya kullum, don haka ku ɗan ba ni dama.
Guido ɗan zuhudu ne, irin masu zaman gidan ibada, an haife shi wajen 990. A zamaninsa waƙoƙin coci haddacewa ake yi daga bakin malami, akwai dai wasu 'yan alamomi da ake ɗigawa a saman kalmomi tun ƙarni na 9, amma tuni kawai suke yi maka cewa nan murya ta hau nan ta sauka, basa gaya maka hawan nawa ne. In baka taɓa jin waƙar ba alamar bata amfane ka da komai ba. Shi ne ya daidaita alamomin akan layuka, kowane layi da kowane tsakanin layi da amonsa, har ya zama mutum zai iya rera waƙar da bai taɓa ji ba daga takarda. Da bakinsa yace abin da ake shekara 10 ana koyo ya dawo shekara 1 ko 2. 'Yan'uwansa na gidan ibadar Pomposa basu so abin ba, ya bar musu ya koma Arezzo wajen 1025, daga baya Paparoma John na 19 ya kira shi Roma ya gani da idonsa.
Sunayen kuma daga wata tsohuwar waƙar Latin ta yabon Yohanna Mai Baftisma ya ciro su, wato Annabi Yahaya a wajenku. Kowane layin waƙar yana farawa da amon da ya ɗara na baya tsani ɗaya, kalmomin farkon layukan su ne Ut, Resonare, Mira, Famuli, Solve, Labii, sai ya yanko gaɓar farko, ut re mi fa sol la.
Ɗan Birni ƙanena nan nake so ka tsaya ka duba. Na farkon UT ne. Guido bai taɓa cewa do ba, sai a shekarun 1600 aka sauya don ut ba ya daɗin ja a baki. To in daga dal aka samo, ya aka yi ya fara zama ut na shekara ɗari shida kafin ya koma do?

Ɗan Birni:
Dama ku ai dole ku kare shi, naku ne.

Malamin Kwaya:
Ban kawo maganar namu da naku ba ɗan'uwa, tambaya na yi maka akan ut.

Maman Amira:
Gaskiya Ɗan Birni wannan bai dace ba, Malam ya girme ka kuma da ladabi ya yi maka magana.

Ɗalibin Azhar:
Bari in sa baki. Ni ban ce do re mi daga dal ra mim ba ne, amma duk mai musun cewa Turai ta sha daga hannun Musulmi a fannin nan bai karanta ba. Alkindi ya yi rubutu akan kiɗa a Bagadaza tun ƙarni na 9 yana amfani da haruffa wajen nuna amo. Alfarabi da ya rasu a 950 yana da babban littafi sukutum akan musiƙa. Ziryab ya isa Ƙurɗuba ta Andalus a 822 ya koyar da mawaƙa, ana cewa shi ya ƙara wa ud, molon Larabawa, tsirkiya ta biyar. Molon Turawa da suke kira lut, sunan daga al'ud ne, gogensu rebek daga rabab ne. Duk wannan kafin a haifi Guido ɗin ko a kusa da zamaninsa. Su faɗa a littattafan makaranta mana, ɓoyewar ce ke sa yara irin Ɗan Birni su ce sata.

Malamin Kwaya:
Ustaz ban musa maka ko ɗaya ba, lut da rebek haka ne, su kansu masanan Turai sun rubuta. Amma shi Alfarabi daga wa ya ɗauko lissafin amo? Daga Girkawa, ta littattafan da aka fassara a Bagadaza. Turawa kuma suka sami lissafin ta hannun wani masanin Roma, Boethius, tun farkon ƙarni na 6. Kowa ya gwada a gurminsa, ka danne tsirkiya daidai tsakiya za ka ji amon nan dai amma a sama, biyu bisa ɗaya kenan, ka bar kashi biyu cikin uku tana kaɗawa ka sami na biyar, daga do zuwa so. Wannan ake jingina wa Pythagoras. Shi yasa a jami'o'in Turai na da kiɗa yana aji ɗaya da lissafi da ilimin taurari. To Alfarabi ya saci na Girkawa ne?

Ɗalibin Azhar:
Alfarabi ya ambaci magabata ya gyara musu kurakurai, wannan ake kira amanar ilimi. Kada a haɗa.

Baffan Yara:
Allah ya saka Ustaz. Gado daban, sata daban.

Mai Gurmi:
Yanzu kuma ya zama gado. Da aro, da fatauci, yanzu gado, kowa sai ya zaɓa wa nasa kalma mai daɗi.

Ɗan Maraɗi:
Ni dai abin da ban gane ba, mu a lakwal, wato makarantar boko a Nijar, mushe (malaminmu) ya koya muna do re mi fa sol la SI, amma ina jin 'yan Najeriya suna cewa TI. Ku kun lalata abin sannan kuna gardamar wa ya sata.

Ɗan Birni:
Ti ne daidai. Harafin Larabci na bakwai a jerin ai ta ne, kaga hujjata ta ƙara fitowa.

Ɗan Maraɗi:
Si ne wallahi, duk ƙasashen Faransanci si ake cewa, Italiya ma da suke da abin si suke cewa.

Malamin Kwaya:
Na Maraɗi ya riga. Guido shida kawai ya bari, na bakwai daga baya aka ƙara, si, daga haruffan farko na sunan Yohanna mai tsarki a layin ƙarshe na waƙar. Wata malama a Ingila, Sarah Glover, ita ta mayar da shi ti a ƙarni na 19 don so da si duk da harafi ɗaya suke farawa, ita kuma tana son rubuta harafin farko kawai. John Curwen ya yaɗa tsarin, 'yan mishan suka kawo mana. Har gobe takardun kwayarmu d r m f s l t ne. Kaga ti ɗin da kake kafa hujja da shi bai wuce shekara ɗari biyu da 'yan kai ba.

Ɗan Maraɗi:
Kun ji ko? Namu ne na asali, naku gyaran Ingilishi ne.

Baffan Yara:
Asalin me, Faransa ta ba ku kuna murna. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ɗan Maraɗi:
Baffa ku naku daga Sakkwato aka ƙera shi?

Maman Amira:
Ni fa da ake ta sata sata, waƙoƙin finafinanmu na Hausa na da can fa? Nawa ne aka ɗauko karin Indiya ɗungurungum aka ɗora baitin Hausa, muka yi ta rawa a biki babu wanda yace uffan. Kuma su Indiyawan suna da nasu, sa re ga ma pa da ni, suma bakwai ne, ga re a na biyu. Ko suma Larabawa suka sata?

'Yar Fim:
Aunty don Allah kar a jawo mu ciki. Kullum sai an taɓo 'yan fim, yaran nan da piyano ɗaya a ɗan ƙaramin situdiyo suka gina masana'anta babu taimakon kowa, yanzu ma ai sun daina, nasu suke ƙirƙira. Mawaƙan yabo basu ɗauki karin Indiya ba? Su ba a magana.

Baffan Yara:
Ke yarinya kama bakinki daga masu yabon Manzo.

'Yar Fim:
Ban zagi kowa ba Baffa, kari nace.

Abu Sumayya:
Ni mamaki ma kuke ba ni, ana ta jayayya wa ya ƙirƙiro abin da malamai da yawa suka ce haramun ne. In Turawa sun ɗauka su riƙe, me za mu yi da shi?

Ɗalibin Azhar:
Akhi mas'alar akwai saɓani tun da, Ibn Hazm bai ga haramci ba, Gazali ya yi bayani da sharuɗɗa. Kada ka rufe ƙofar da magabata basu haɗu akan rufewa ba.

Abu Sumayya:
Jumhur fa? Kawo min maganar limaman mazhaba huɗu.

Mai Gurmi:
Kakana makaɗin kalangu ne na mahauta, da shi ya ciyar da mu ya kai iyayenmu makarantar allo, ba zan zauna ana ce min haram ya ci ba. Kuma tunda an zo nan bari in faɗa, duk gardamar nan ta takarda ce. Shi bai san do ba bai san dal ba amma in ya matse tsirkiyar kalangu a hammata amo ya hau, ya saki ya sauka, har sunan mutum yake kira da shi mutumin ya waiwayo. Hawa da saukar amo yana nan, kari yana nan, sauri da nauyin bugu yana nan, jagora ya bayar 'yan amshi su karɓa. Me ya rage mishi?

Malamin Kwaya:
Babu abin da ya rage mishi, ginshiƙan kiɗa kenan ka lissafo. Abin da Turai ta yi zurfi a kai shi ne jera muryoyi daban-daban a lokaci ɗaya bisa lissafi a rubuce. Tun ƙarni na 9 akwai littafin da ya nuna yadda za a bi waƙa da murya ta biyu a tazarar na huɗu ko na biyar, zuwa wajen 1200 Perotin a cocin Notre Dame na Paris yana tsara muryoyi huɗu kowacce da hanyarta. Irin wannan in ba rubutu riƙe shi da wuya, shi yasa layukan Guido suka yi tasiri. Amma rubuta kiɗa ma ba a Turai aka fara ba, an tono allon yumɓu a Ugarit ta ƙasar Siriya mai ɗauke da waƙa da bayanin kiɗanta tun wajen 1400 kafin haihuwar Almasihu.

Ɗan Birni:
SIRIYA! Kun ji da bakinsa, ƙasar Larabawa. Na gode Malam ka gama min aiki.

Malamin Kwaya:
Waƙar da harshen Huriyawa take, ba Larabci ba. Kuma maganar dal ra mim ɗin nan wani Meninski ne ya kawo ta a ƙamus ɗinsa a 1680, babu wani rubutun Larabci na kafin Guido da aka nuna mai wannan jerin. Har yanzu baka amsa min ut ba.

Ɗan Birni:
Sun ƙone littattafan a Andalus, ta ina za a gani?

Baffan Yara:
Shikenan magana ta ƙare.

Adimin:
Jama'a dare ya yi, zan rufe saboda an fara taɓa addini da sana'ar iyaye. Ga abin da muka fahimta. Ustaz ya kawo hujjoji masu ƙarfi da shekaru cewa Musulmi sun riga Turawa nisa a ilimin kiɗa, kuma lut da rebek daga wajenmu suka je, Malamin Kwaya da kansa ya amince, ya kuma ƙara mana cewa rubutun kiɗa mafi daɗewa a Gabas ta Tsakiya yake. Don haka Ɗan Birni yana da gaskiya a jigon maganarsa ko da wasu suna ganin kalmar sata ta yi zafi, mai so yace aro. Maganar si da ti mun bar wa 'yan Nijar, maganar halal da haram a kai wa malamai. 'Yar Fim a riƙa girmama manya.

Malamin Kwaya:
Ranka ya daɗe ba ka sa maganar ut ba, kuma ita ce tambayar da aka yi tun farko.

Adimin:
Malam an rufe. Mai sauran magana ya bi ɗan'uwansa ta inbos.