Neman kalma: me za mu kira "simuleshan" a aji biyar?

Malama, wajen Ringim:
Assalamu alaikum. Makon jiya na koyar da yadda ruwa ke zama tururi. Na sa yara suka kawo tukwane biyu, ƙarama cikin babba, muka cika tsakaninsu da yashi, muka jiƙa shi, muka sa tumatir ciki muka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya samu kyautar Rolex da ita a 2000. Bayan tara, kowa ya zura hannu ya ji sanyi. Sai wata yarinya ta ce, "Malama, to ina zafin ya tafi?" Nan na ciro waya na buɗe simuleshan na PhET, wata manhajar koyon kimiyya ta jami'ar Colorado a Amurka, inda ƙwayoyin ruwa ke guje-guje in ka ƙara wuta, su lafa in ka rage. Yaran suka ce "gwajin ƙarya". Raina bai so ba. Ina neman suna mai kyau.

Malami, Gumel:
Wa alaikumus salam. A ce "kwaikwayo" mana.

Malama:
Na gwada, Malam. Suna jin kwaikwayo sai hankalinsu ya tafi fim, su naɗe hannu su yi kallo. Wannan kuwa yaro ne da kansa ke matsa wutar da yatsa ya ga abin da ya biyo baya. Dole "gwaji" ya fito a sunan.

Wani ɗalibin kwalejin Sa'adatu Rimi:
Gwajin allo fa?

Tsohon hedimasta, Ɗambatta:
Ɗana, a ƙauye allo na makarantar allo ne, kada a rikita yara. 'Yata, ki ce "gwajin misali". Kowane yaro ya san misali ba shi ne ainihin abu ba, kuma ba ƙarya ba ne, tun a wa'azi yake jin kalmar. Na tukwanen kuma ki kira shi "gwajin hannu". Amma hannu ya riga misali. Wanda bai ji sanyin tukunyar ba, ɗigo-ɗigo kawai zai gani suna yawo a waya.

Malama:
Allah ya ƙara girma, Baba. Yau na rubuta su biyun a bango. Da na tambaya wanne za mu fara a darasin lantarki, suka ce na hannu, har wani yaro ya ce zai kawo batir da kwan tocilar babansa.