Gwaji ya nuna AS da AS, ga shi an riga an sa rana

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Don Allah admin a ɓoye sunana. Wanda zan aura ɗan goggona ne, a gidan kakarmu na Gwammaja muka tashi tare. Da Abbanmu ya rasu shi ya biya min kuɗin WAEC, shi ya tsaya kan maganar gadonmu lokacin da wasu dangi suka so cinye mana fili, har yau ba sa gaisawa da shi saboda mu. Yana da shago a Kantin Kwari, ba ya shaye-shaye, kowa ya shaide shi. Tun bara aka kawo kuɗin gaisuwa, an sa rana bayan babbar sallah, lefe yana ɗakin Goggo, Umma ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta ba kafinta rabin kuɗin gado da kujeru. To mun je gwajin kafin aure, ni AS, shi ma AS. Alhali tun ina sakandare an taɓa gwada ni aka ce AA ce. Ya ce kar mu faɗa wa kowa, Allah ne mai tsarewa. Ko barci ba na iya yi. Me zan yi?

Sista Mai Jinya: Ƙanwata, ki fasa. A ɗakin yara nake aiki, na san abin da nake faɗa. AS na nufin kina ɗauke da S ɗaya, wato ƙwayar halittar ciwon sikila, shi ma haka. Duk cikin da za ki ɗauka, akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu yaron ya ɗauko S daga gare ki ya ɗauko daga gare shi, ya zo SS, wato mai sikila. Kashi biyu AS, kashi ɗaya AA. Kuma kowane ciki lissafinsa daban. Da idona na ga jariri ɗan wata bakwai, bayan hannunsa da ƙafarsa sun kumbura suntum, ko zani ya taɓa shi sai ya ƙwalla ƙara, uwar na tsaye ta rasa ta inda za ta ɗauke shi. Uban kuma yana waje ƙarfe biyun dare yana kiran abokai a zo a ba da jini. Gado da kujeru ana sayar da su.

Ɗan Kurmi: Haba Sista, kin cika tsoratarwa. Iyayena duka AS ne, mu bakwai suka haifa, babu mai sikila ko ɗaya. Da can wa ya san wani jinotaif? Ƙanwata ki yi tawakkali, zumunci ba abin wasa ba ne.

Sista Mai Jinya: Allah ya tsare gidanku, ka gode masa. Ni kuma na san gidan da 'ya'ya uku a jere duk SS. Da can ma ana haifarsu, suna rasuwa kafin shekara biyar a ce mayu ne ko iska. Ƙiyasin da ake yi, jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Annabi (SAW) cewa ya yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Maman Biyu: Ni ce shaida. Yarana biyu masu amosanin jini ne. Kullum folik asid, maganin kariya daga maleriya, ga Hydroxyurea mai rage tashin ciwon, ga kilinik duk wata, lokacin hunturu kuwa ba ni da kwanciyar hankali. Mijina ma ce min ya yi za mu riƙe tare. Yau uwarsa cewa take ni na kawo musu ciwo cikin zuri'a, kamar ɗanta bai ba da nasa rabin ba. Ya ƙaro aure, ya tabbatar ya auro AA. Kwanan nan da aka kwantar da ƙaramin, amarya ko dubiya ba ta zo ba, wai tana da ciki ba ta son warin asibiti. Kuɗin magani sai na yi aikatau da dambun nama nake haɗawa.

Mai neman shawara: Allah ya ba su lafiya Maman Biyu. Amma wallahi shi ba haka yake ba, kuma Goggo ita ta yaye ni, ba za ta taɓa min gori ba. Ba ku san abin da ya yi mana ba ne.

Ummu Abdallah: Kowa ya tsallake maganar AA ɗin farko. Ki je Asibitin Malam Aminu Kano a sake muku ku biyun, ki nemi a yi da na'urar HPLC, ta fi tantancewa. Ana samun kuskure a ƙananan dakunan gwaji. In ya sake fitowa AS, akwai dashen ƙwai na IVF da ake gwada ƙwan kafin a saka a mahaifa, ana yi a Legas da Abuja, sai dai miliyoyi ne kowane zagaye. Akwai kuma gwajin cikin da ake yi wajen sati 11 zuwa 13.

Sista Mai Jinya: A sake gwajin, ban hana ba, amma kar ki rataya ranki a kai. Gwajin ciki kuma, in ya nuna SS sai a yi yaya? Kin shirya wannan tambayar? Kuma kafin wani ya kawo zancen warkewa: dashen ɓargo ana yi, an fara a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, amma sai an samu wanda ɓargonsu ya dace, galibi ɗan uwa na ciki ɗaya, ga haɗari ga kuɗi. Casgevy, maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, dala miliyan 2.2 ne mutum ɗaya. Ɗan Kwari zai biya?

Jaruma SS: Ni sikila gare ni, na haura talatin, na yi digiri, ina aiki. Ku daina maganarmu kamar gawa, muna cikin gurup ɗin nan muna karantawa. Tun da na fara Hydroxyurea tashin ciwon ya ragu sosai, kuma yanzu a Kano ana yi wa yara hoton jijiyoyin kai don a gano mai haɗarin shanyewar ɓarin jiki da wuri. Duk da haka, 'yar uwa, ranar da ciwon ya tashi ji nake kamar ana sara ƙashina da gatari. Iyayena ba su sani ba, ban taɓa riƙe su a rai ba. Ke kin sani.

Ɗan Kurmi: Akwai mai maganin gargajiya a unguwarmu da yake mayar da AS ya koma AA cikin wata uku.

Sista Mai Jinya: Babu wannan. Abin a cikin halitta yake, saiwa ba ta canja shi. Sannan ɓoyewar da yake cewa, tun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, ba a ɗaurawa sai da takardar asibiti. Waliyyinki zai gani.

Mai neman shawara: Maganar takarda ya ce ya san yadda zai yi. Ni dai ba zan iya kallon idon Goggo in ce na fasa ba, ita da ta binne yara biyu suna ƙanana, shi kaɗai ne namijin da ya rage mata. Kuma ai kashi uku cikin huɗu lafiya ne. Zan yi istihara, in an samu kuɗi a sake gwajin.

Sista Mai Jinya: Innalillahi. Takardar bogi kike nufi? Kuma yaran Goggon biyu, me ya kashe su? Kin taɓa tambaya?

Maman Biyu: Ni ma a kashi ukun nan na sa rai.

Ummu Abdallah: Wai tukuna, Ummanki ta san da sakamakon nan kuwa? Ki amsa mana wannan.