Tsohon CB400 yana tafasa a cunkoso, batir kuma ba ya riƙe caji

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum masana. Babur Honda CB400 Super Four ne ɗan Beljiyam, ƙirar shekarun 1990, mai kafireto, kuma ya daɗe a ajiye. In titi a buɗe yake lafiya lau, amma da an shiga cunkoso sai zafi ya hau, ruwa ya riƙa amai ta tankin ajiya. Batir sabo ne, amma kwana biyu ya sauka. Bakanike ya ce a cire tamostat, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan injin ya yi zafi, a haɗa fanka kai tsaye da makulli. In yarda?

Oga Rewaya:
Wa alaikumus salam. Malam, dakata da cire komai tukuna. Babur ɗin da ke sanyi a guje, ya yi zafi a tsaye, fankarsa ake fara tuhuma, don a guje iska ce ke yi mata aikin.

A jikin lagireto akwai ɗan suwic na zafi mai waya ɗaya. Shi ke ba fanka as, wato haɗi da ƙarfen jikin babur, idan ruwa ya kai wajen digiri 100. Murɗa makulli, zare wayar, ka taɓa ta a ƙarfen injin. In fanka ta juya, suwic ɗin ne ya mutu, ko tsatsa ta raba lagireto da as. In ba ta juya ba, duba fis ɗinta mai amfiya 10. In fis lafiya, ba ta wuta kai tsaye daga batir. Ta ƙi motsi a nan ma, motar fankar ce ta tafi, ko ƙura da ɗan dutse sun riƙe fukafukanta.

Maganar batir kuwa, nemi mitar auna wuta. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna bolt 12.6. Tayar da injin ka ja shi zuwa juyi 5,000 a minti, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da 13 babu caji. Sama da 15 rektifaya, na'urar da ke daidaita wutar caji, tana dafa batir ne, shi ya sa za ka ga ya kumbura, kwan fitila na yawan ƙonewa. Honda na wancan zamanin sun yi ƙaurin suna a kan rektifaya.

Amma kada ka saye ta sai ka gwada kwayil ɗin caji. Zare soket mai wayoyi uku rawaya. Ka auna su bibbiyu, kowane karo ya ba ka tsakanin 0.1 da 1 om, kuma su zo kusan ɗaya. Tsakanin kowace rawaya da jikin injin kada mita ta nuna haɗi ko kaɗan. Sannan ka juya mita zuwa AC, injin na aiki a 5,000, kowane biyu su ba da bolt 50 ko fiye. In ɗaya ta gaza 'yan'uwanta, kwayil ta ƙone, kuma kowace rektifaya ka ɗaura a kanta asarar kuɗi ce.

Dubi soket ɗin kansa da kyau. Sau da yawa za ka tarar roba ta yi baƙi ta narke, ƙarafan ciki sun yi kore. Sakin baki ke jawo zafi, zafin ya ƙara sakin bakin. Yanke shi, ka kankare wayoyin har jan ƙarfe ya fito fes, ka yi musu dalma, ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗe waya da hannu a naɗe da salatif ba gyara ba ne.

Mai Lagireto Kofar Ruwa:
Oga ya gama da ɓangaren wuta. Ni kuma murfin lagireto zan fara nuna maka. An rubuta 1.1 a kansa, shi ke riƙe matsi har ruwan ya wuce digiri 120 bai tafasa ba. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai gudu tankin ajiya ko da komai lafiya. Shi ne mafi araha a duk abin da za ka canza. Kada dai ka buɗe shi injin na da zafi.

Tamostat kuma a bar ta. In an cire, injin yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, fulogi ya yi baƙi, kuma a cunkoso zai tafasa yadda ya saba, tunda ba ita ce matsalar ba. Gwajinta a tukunya ake yi: rataye ta cikin ruwa kada ta taɓa gindi, ka sa ma'aunin zafi. Wajen digiri 82 za ta fara buɗewa, a 95 ta buɗe kamar milimita 8. In ta ƙi, sabuwa za a sa.

Wanki: kwance noti na zubarwa da ke jikin famfon ruwa, ka ga abin da zai fito. In ja ne kamar ruwan kududdufi, an daɗe ana zuba masa ruwan rijiya ko na burtsatse, gishirin ciki ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Haɗa farin binega da tataccen ruwa rabi da rabi, ka cika, ka tayar ya ɗumama, ka bari ya huce, ka zubar. Ɗauraye sau uku, don binega in ta kwana a ciki tana cin alminiyom. Daga waje kuma ka wanke ƙurar hunturu da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. Injin wankin mota yana lanƙwasa haƙoran lagireto.

Ka matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi tauri, ko ya kumbura kusa da kilif, ya gama aiki. A ƙasan famfon ruwa akwai ɗan rami, in ka ga ɗigo ko farin busasshen sawu a wurin, sil ɗin famfo ya mutu. Kada a toshe ramin da gam, ruwan zai koma cikin baƙin mai.

Sai ka zuba kulan, wato ruwan sanyaya injin, mai gilaikol marar silikat, rabi da rabi da tataccen ruwa, kusan lita 2 zai ci. Zuba a hankali, ka tayar da injin murfi a buɗe, ka ɗan ja totur sau uku ko huɗu har kumfar iska ta daina fitowa, ka ƙara, ka rufe. In kumfa ta ƙi ƙarewa, ko baƙin mai ya koma launin shayi da madara, gasket ɗin kan injin ne.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Tataccen ruwan shi ne ruwan batir? Kuma haɗa fanka da makullin fa?

Oga Rewaya:
Shi ne, amma ka tabbatar wanda ake ƙarawa ne, ba mai asid ba, don duk sunansu ɗaya a bakin masu shago.

Fanka kai tsaye ban goyi baya ba. A silo caji ba shi da ƙarfi, ga fitila, ga fanka ba hutu, batir ne zai biya. In zafin Afrilu kake tsoro, ja waya daga wayar suwic ɗin zuwa ɗan maɓalli a kan hannu, ɗaya ƙafar zuwa as. Suwic na asali yana nan yana aikinsa, kai kuma ka kunna da kanka in ka hango cunkoso.

Kuma kada kowa ya cire maka kan batir injin na aiki wai gwajin caji, haka ake kashe rektifaya da akwatin da ke ba fulogi wuta. Don gano mai shan batir da dare, kashe makulli, cire kan nagatif, ka sa mita a tsakani a kan miliamfiya. In ya wuce 1, zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. In ba ta faɗi ba, zare soket ɗin rektifaya. Koren waya a Honda as ce, ka kwance inda aka ɗaure ta a firam ka goge da samfefa kafin ka mayar.