Imel na shigowa waya, amma ya ƙi fita in an bar ofis

ɗan_Kawo:
Salamu alaikum. Sabarmu ta imel tana ofis a Kaduna, da manhajojin Postfix (mai aika saƙo) da Dovecot (mai kula da akwatunan saƙo). A kan Wi-Fi na ofis saƙo na tafiya lafiya lau. Da ma'aikaci ya nufi Zariya ko Kafanchan ya koma kan data, sai ya ga "Relay access denied". In zuba IP na wayoyinsu, wato adireshinsu na intanet, cikin mynetworks, jerin adireshin da sabar ke yarje wa aika saƙo, ne?

injiniya_Barnawa:
Wa alaikumus salam. Kul, Malam, kada ka soma. IP na data ba ya zama wuri guda, kuma kamfanonin waya kan tara jama'a da yawa bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Ka yarje wa ma'aikacinka, ka yarje wa baƙi ke nan. Masu saƙonnin damfara na ganowa, IP ɗinka ya shiga jerin Spamhaus, wato jerin adireshin da ake toshewa saboda saƙonnin banza.

Sabar ta gane mutum da kalmar sirrinsa, ba da inda yake zaune ba. A fayil ɗin saitin Postfix mai suna master.cf cire alamar # daga layin submission, wato tashar 587, ka sa smtpd_sasl_auth_enable=yes, smtpd_tls_security_level=encrypt, da smtpd_relay_restrictions=permit_sasl_authenticated,reject. A main.cf kuma smtpd_sasl_type=dovecot da smtpd_sasl_path=private/auth, sannan ka buɗe wannan soket ɗin a ɓangaren Dovecot. Tashar 25 ka bar wa sabobi tsakaninsu. Dama masu ba da intanet da yawa sun toshe ta.

Kar ka manta da rauta: in ba ta tura 587 ciki ba, aikin banza ka yi.

hajiya_IT:
Ƙari kan TLS ɗin nan mai ɓoye bayanai a hanya, Injiniya. Hanyoyin tantancewa na PLAIN da LOGIN sauya rubutu kawai suke yi wa kalmar sirri da base64, kowa na iya warwarewa, shi ya sa encrypt ta zama dole. Sunan sabar da aka rubuta a waya ya yi daidai da na satifiket, kar a sa IP. Buɗe tashar 465 ma, tun 2018 aka dawo da ita a hukumance.

ɗan_Kawo:
Allah ya saka. Saƙo ya tafi, sai waya ɗaya ke ba da kuskure mai lamba 535 5.7.8.

injiniya_Barnawa:
Kalmar sirri ce ko suna. Wayoyi na da gurbi daban na sabar aikawa, mutane kan bar shi fayau, ko su rubuta suna babu @ da sauran adireshin. Gyara da wuri, don in kana da fail2ban, manhajar da ke toshe mai yawan kuskuren kalmar sirri, wayar za ta yi ta gwadawa har a toshe IP ɗin da wasu ma'aikatanka ma ke kai.