Hoton CT na zuciya a asibitin koyarwa: wace hanya ake bi a ƙware?

Likita_Sabo

Assalamu alaikum manyanmu. Likitan hoto da ya kusa kammala horonsa, yana son ya zauna a asibitin koyarwa ya ƙware a hoton CT na zuciya (hoton da na'ura ke ɗauka yanka-yanka da hasken X-ray), ya haɗa da bincike da koyarwa, ta ina zai fara? Hoto nawa ake so mutum ya karanta kafin a bar shi ya sa hannu a rahoto shi kaɗai? Me ya sa kuma ake cewa wannan hoton ya fi sauran wahala, alhali na'urar ɗaya ce? Sannan a ɓangaren bincike, akwai sauran abin yi ko manya sun kwashe?

Dattijon_Ɗakin_Hoto

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da maganar wahala, don ita ce za ta nuna maka irin horon da kake nema.

Hanta da ƙwaƙwalwa suna zaune ne su jira a ɗauke su. Jijiyoyin zuciya kuwa faɗinsu milimita 3 zuwa 4 ne a farkonsu, a ƙarshe bai kai 2 ba, ga su suna motsi da kowane bugu. Na'ura mai bututun X-ray ɗaya sai ta yi kusan rabin zagaye kafin ta tara abin da zai haɗa hoto. In zagayenta sakan 0.33 ne, tana buƙatar kusan milisakan 165 ke nan. Zuciyar da ke buga 60 a minti tana ɗan lafawa a tsakiyar lokacin da ta saki, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tazarar da ke tsakanin bugu biyu, kuma wannan lafawar ta isa. Da bugun ya haura 70, lafawar ce ke fara gajarta, kuma tsakiyar jijiyar dama ce za ta fara dusashewa a hoto, don ta fi sauran motsi.

Shi ya sa rabin aikin yana ƙarewa kafin majinyaci ya hau tebur. Ana so bugun ya sauka zuwa 60 ko ƙasa. A ba shi metoprolol miligiram 50 zuwa 100 ya sha, awa ɗaya kafin hoto. In bai sauka ba a ƙara ta jijiya, miligiram 5 a kowane karo, ana jira minti biyar ana auna hawan jini. Ba a ba mai asma mai tsanani, ko mai toshewar hanyar lantarkin zuciya mataki na biyu ko na uku, ko wanda gazawar zuciyarsa ta tashi, ko wanda jininsa ya yi ƙasa. Saura kamar minti biyar a ɗauka, a sa masa nitroglycerin maikirogiram 400 zuwa 800 a ƙarƙashin harshe don jijiyoyin su buɗe. A nan dole ka yi tambayar da mutane ke jin nauyinta: ko ya sha maganin ƙarfin maza, sildenafil cikin awa 24, ko tadalafil cikin awa 48. In ya sha, ba a ba shi, don jini na iya faɗuwa warwas. Haka mai tsananin tsukewar ƙofar awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Maganar maganin nan ka tambaye shi a keɓe, in ba haka ba amsar da za ka samu ba ta da amfani.

Batun horo kuma: a Amurka, bayan digirin likita akwai shekara ɗaya ta aikin asibiti, shekara 4 na ƙwarewa a hoto, sai shekara ɗaya ta hoton zuciya da ƙirji. A Ingila horon hoto shekara 5 ne, da jarrabawar ƙwarewa ta FRCR a ciki. Ƙungiyar SCCT, wadda aka kafa a 2005 don wannan fanni, ita ake yawan bi wajen adadi. Tsohon ma'auni shi ne hoto 150 ga mai karantawa shi kaɗai, 300 ga mai jagorantar sashe. Ƙa'idarsu ta 2020 ta ɗaga zuwa 250 da 450, kuma wani kaso sai kana tsaye a wurin ana ɗauka. Shawarata, kada adadin ya ɗauke maka hankali. Ka nemi wurin da za ka ga sakamakon kateta (hoton jijiyoyin zuciya da ake ɗauka ta siririn bututun da aka zura a jijiya) na majinyatan da ka karanta hotonsu. Wanda ya karanta 500 ba tare da ya taɓa ganin inda ya yi ƙari ba, zai ci gaba da kiran tsukewar kashi 40 da sunan kashi 70, domin kalsiyam a CT yana kumbura ya fi girmansa na gaskiya ya rufe ramin jijiya.

Radiyografa_CT

Na yarda da Dattijo, sai dai in ƙara abin da likitoci matasa ke bar wa masu na'ura, daga baya su zo suna mamakin hoton.

Kanula mai lamba 18, a lanƙwasar gwiwar hannun dama. Dama, saboda ruwan da ya taso ta hagu sai ya ratsa jijiyar da ta gitta saman ƙirji, tsananin haskensa ya zana layuka a kan abin da ake son gani, musamman ga wanda aka yi wa aikin dasa jijiya. Kwantiras, wato ruwan da ke haska jijiya a hoto, mai ƙarfin miligiram 350 zuwa 400 na aidin a kowane mililita, mililita 50 zuwa 80, a tura 5 zuwa 6 a sakan, a bi shi da ruwan gishiri mililita 40 zuwa 50 don a wanke gefen dama na zuciya. A sa ma'auni a cikin awota, da ya kai HU (ma'aunin haske a hoton CT) 100 zuwa 150 na'ura ta ba da umarnin riƙe numfashi. Abin da ake nema a cikin jijiya shi ne sama da HU 300. A duba aikin ƙoda tun da wuri, in eGFR, ma'aunin tacewar ƙoda, ya gaza 30 sai an zauna da likitan da ya turo.

Riƙe numfashi yana lalata hoto fiye da yadda ake zato. In majinyaci ya zuƙi iska da ƙarfi, jini marar kwantiras yana kwararowa daga ƙasan ciki ya tsinka ruwan, sai hoton ya fito fari-fari babu ƙarfi. A gwada da shi sau biyu ko uku: ƙaramin numfashi, ya riƙe, kada ya yi nishi. A gwajin ne za ka ga yadda bugunsa ke sauyawa, don yakan sauka 'yan sakanni bayan riƙewa. Wayoyin ECG masu bin lantarkin zuciya kuma a manna su da kyau, a aske gashi in ya kama. In na'ura ta ɗauki igiyar T ta ECG a matsayin R, wadda da ita take gane farkon bugu, duk lissafin lokaci ya rushe, hoton ya fito kamar matattakala.

Inda zan ɗan saba da Dattijo shi ne 60 ɗin nan. Na'ura mai bututu biyu da Siemens ta fito da ita a 2005 ta rage lokacin zuwa milisakan 83, mai layi 320 ta Toshiba ta 2007 kuma tana rufe santimita 16, wato zuciya duka a bugu ɗaya. A irinsu, bugu 70 ko 75 ba ya hana aiki, sai a koma ɗauka a ƙarshen matsewar zuciya, wajen kashi 35 zuwa 45. Duk da haka saukar da bugu yana rage radiyeshan, don yana ba ka damar kunna bututu a ɗan yanki kaɗai na kowane bugu. Binciken PROTECTION na farko, da aka tattara a 2007, ya samu matsakaicin DLP (ma'aunin yawan radiyeshan) 885, kusan milisibat 12. Na shida, bayan shekara goma, ya samu 195. Yawancin ragin daga wannan salon ɗauka ne da saukar da kV, ƙarfin lantarkin bututu, daga 120 zuwa 100 ko 80 ga marasa jiki. Amma hoton ƙididdigar kalsiyam ka bar shi a kV 120 da yanka milimita 3, don a kan haka ake lissafa ma'aunin Agatston na 1990 mai iyakar HU 130. In ka sauya, lambar ta sauya.

Malama_Mai_Bincike

Ƙanena, manya ba su kwashe ba, tambayar ce ta sauya. Daga 2004 da na'ura mai layi 64 ta fito zuwa wajen 2008, abin da ake tambaya shi ne ko CT na ganin abin da kateta ke gani. An amsa: in ya ce babu tsukewa, kusan babu ɗin ne, in ya ce akwai kuma yakan yi ƙari. Sai aka koma tambayar ko hoton na sauya makomar majinyaci. Binciken PROMISE a 2015, mutum 10,003, bai ga bambanci tsakanin CT da gwajin motsa zuciya ba. SCOT-HEART, mutum 4,146 a Sukotilan, ya nuna a 2018 cewa bayan shekara biyar mutuwar ciwon jijiyar zuciya ko mutuwar sashen tsokar zuciya ya kai kashi 2.3 ga waɗanda aka yi wa CT, 3.9 ga sauran. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne an fi ba su statin da aspirin da aka ga kitsen a bangon jijiya. DISCHARGE na 2022 kuwa likitan hoto ne ya jagorance shi, Marc Dewey na asibitin Charité a Balin. Mutum 3,561, CT da kateta suka yi kusan kunnen doki a manyan matsalolin zuciya, amma illar aikin kansa kashi 0.5 ne a ɓangaren CT, 1.9 a ɓangaren kateta. Na kawo shi ne don kada ka ɗauka irin wannan bincike na likitocin zuciya ne kaɗai.

Abin da ke buɗe yanzu: auna yawan kitsen bango da nau'insa, lissafin FFR (yadda tsukewa ke rage gudun jini) daga hoton CT inda ake ɗaukar 0.80 a matsayin iyaka, da na'urar ƙirga foton da aka amince da ita a Amurka a 2021, wadda ke rage kumburin kalsiyam, har ana sa ran ta gyara karatun sitent (ragar ƙarfe da ake sa wa a jijiya don ta buɗe) ƙasa da milimita 3.

Kurakuran da ke kashe takardar sabon mai bincike kusan iri ɗaya ne kullum. Babbansu cire sassan jijiyar da ba su karantu ba. In ka zubar da su, daidaiton gwajinka zai yi kyau a takarda, amma a asibiti majinyacin da hotonsa bai karantu ba yana nan zaune yana jiran hukunci. Ka ba su layinsu a tebur, ko ka lissafa su a cikin masu cuta. Sai ƙirga sassa maimakon mutane: zuciya ɗaya ana raba jijiyoyinta kashi 18, yawancinsu lafiya lau, don haka lissafin sassa yana kumbura lambobi. Ka ba da sakamako a kan kowane majinyaci tukuna. Akwai kuma tura waɗanda CT ya nuna wa cuta kaɗai zuwa kateta, wanda ke sa gwajin ya zama kamar ba ya kuskuren tsallake cuta. Masu karatu biyu, kowa bai san amsar kateta ba, a auna yadda suka dace. Ka buɗe jerin STARD na 2015, ƙa'idojin rubuta binciken daidaiton gwaji, kafin ka tattara majinyaci na farko.

Game da aiki, kafin ka karɓi kujera ka sa a rubuta maka ranar bincike a takarda, ko da ɗaya ce a mako. Wadda aka yi alkawarinta da baki, jerin hotunan gaggawa ke cinye ta. Kwamitin ƙarin girma takardun da sunanka ke farko yake fara dubawa, sai tallafin da ka samo, sai ɗaliban da ka yaye. Ka kuma fara rumbun bayanai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike tun hoto na farko: bugun zuciya, maganin da aka bayar, kV, DLP, matakin CAD-RADS (tsarin ba tsukewa lamba a rahoto), da abin da kateta ya nuna.

Likita_Sabo

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malama, ko za a ɗan faɗaɗa CAD-RADS ɗin? Kuma yaya ake zama da likitocin zuciya, tunda su ma suna karanta wannan hoton?

Dattijon_Ɗakin_Hoto

CAD-RADS ya fito a 2016, aka sabunta shi a 2022. Mafi munin tsukewa ke ba da lamba: 0 babu komai, 1 kashi 1 zuwa 24, 2 kashi 25 zuwa 49, 3 kashi 50 zuwa 69, 4A kashi 70 zuwa 99, 4B babbar jijiyar hagu ta kai 50 ko jijiyoyi uku sun kai 70, 5 toshewa gaba ɗaya, N bai karantu ba. Sabon ya ƙara P1 zuwa P4 don yawan kitsen bango. Alamar HRP, wato kitse mai haɗari, ana sa ta in an ga biyu cikin huɗu: kitse ƙasa da HU 30, bango ya kumbura waje, ɗigon kalsiyam ƙanana, ko zobe mai haske kewaye da duhun tsakiya. Mataki na 3 ne ke jawo gardama a taro, don a nan ake shawarar ko a gwada gudun jini tukuna.

Likitocin zuciya sun fi ka sanin abin da za a yi da tsukewar, kai ka fi su sanin na'ura da abin da ke wajen zuciya. Ka sake haɗa hoton da faɗin ƙirji duka ka duba huhu, don ƙulli ko gudan jini na iya ɓoyewa a gefe. Ka zauna a taronsu na mako-mako, musamman na dasa ƙofar awota ta kateta, inda ba a zaɓen girman ƙofa sai da CT. Zoben ƙofar ana auna shi lokacin da zuciya ta matse, don a nan ya fi faɗi, in ka auna a sake za a zaɓi ƙarama ta yi yoyo. Ka auna tsayin bakin jijiyoyin zuciya daga zoben, ƙasa da milimita 12 ka rubuta shi a sarari saboda haɗarin toshe su, sannan ka bi jijiyoyin ƙugu da cinya ka ba da mafi ƙanƙantar faɗi a kowane gefe, da inda kalsiyam ya zagaye bango.