"Sakin reshe, kama ganye": a nan wanne ne reshen?

Ƙanwar Injiniya: Assalamu alaikum. Jiya muka yi cacar baki da yayana, a harkar mai yake aiki. Na ce masa duniya ta fara juya wa mai da kwal baya, ya nemi wata madafa tun da wuri. Sai ya ce, "Ke so kike in saki reshe in kama ganye." Maganar ta tsaya mini a rai, tsoro nake ji masa.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. 'Yata, yayanki bai yi ƙarya ba. A 2021 aka yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5 a taron sauyin yanayi na Glasgow don ta rage amfani da kwal, akasarin kuɗin bashi ne. A 2022 aka rufe tashar lantarki ta Komati da ke ƙasar, mai aiki da kwal. Mai iyali alkawari zai ciyar da su?

Malamar Lissafi: Baba, ai reshen ne ke bushewa. Tun Oktoban 2023 Tarayyar Turai ke neman lissafin hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa siminti, ƙarfe da takin da ake shigar mata, daga 2026 kuɗi ke hawa kansu. Masana'antar da ta nace wa kwal, kasuwa za ta kuɓuce mata.

Jikan Hajiya: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Hannunta na hagu a karkace yake har ta rasu. Tana yarinya ta hau bishiya, ta zaɓi reshen da ya fi kauri, ta sakar masa nauyinta, ashe gara ta rarake cikinsa. Duk wanda ya kawo wannan karin maganar a gabanta, sai ta janye mayafi ta nuna masa hannun, ta ce, "Ni reshe na riƙe." Ko da ta tsufa, ba ta zama a kan kujerar katako sai ta ƙwanƙwasa ta.

Tsohon Direba: Allah ya jiƙan Hajiya. To da ta kama ganyen fa?

Jikan Hajiya: Na tambaye ta, Baba. Ta ce da hannu biyu za ta karye.

Na Gefe: Su o'o dai reshen na hannunsu, ganyen na aljihu. A je taron yanayi a jirgi, a dasa bishiya ɗaya gaban kyamara, akuya ta cinye kafin magariba.

Malamar Lissafi: Jamus sai da ta ware wa yankunan kwal yuro biliyan 40, ta ba kanta wa'adin barin kwal zuwa 2038. Tsani suka kafa.

Na Gefe: A ba wasu kwangilar tsanin nan, a takarda za a gan shi.

Ƙanwar Injiniya: To ni me zan ce wa Yaya?

Tsohon Direba: Jikan Hajiya, wai wace bishiya ce ma?